Dainoso a Cikin Murhu

A wata firamare da ke Karare akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Kakarta, Uwani, maginiyar tukwane ce. Tun tana ƙarama yarinyar take taya ta kwaɓa yumɓu da gasa tukwane.

Wata Talata, Malama Zuwairatu ta shigo aji da kwali. Ta fito da wasu 'yan dabbobi biyar, ta jera a tebur. Kowanne wuya zololo, kai ɗan mitsitsi.

"Malama, raƙuman dawa ne?" in ji yarinyar.

"A'a, sunansu dainoso. Sun rayu tun zamanin da can, irin waɗannan ganye kawai suke ci. An ƙera waɗannan daidai kamanninsu, girman ne aka rage. Na gasken sun kai kukar bakin kasuwa tsawo. Shekara shida ina tara su. A kalla da ido, ban da hannu!"

Ina! Ana fita hutun tara, yarinyar ta dawo ta taɓa wani kore daga cikinsu. Wuyansa ya lanƙwashe, ya miƙe.

"Kash! Wannan ai bai gasu ba," ta ce a ranta. "An cuci Malama. Bari in gyara mata."

Ta ɓoye shi a hijabi, ba ta tambayi kowa ba.

Da ta isa gida, ta tarar ana dafa wake. Ta tura dainoson cikin garwashi, yadda take yi wa 'yan shanunta na yumɓu. Can sai wani wari ya cika gidan.

"Subhanallahi! Wa ke ƙona mana takalmi?" in ji Kaka Uwani.

Yarinyar ta zaro shi da kara. Ba wuya, ba wutsiya, sai baƙin dunƙule. Ta fashe da kuka. Wallahi abin tausayi.

"Ke 'yar nan, roba ce fa! Wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Kaka. Taimako na so in yi. Ko in ce ban gan shi ba?"

"Kul! Ki ƙona roba, ki kuma ƙona amana? Share hawaye, ɗauko yumɓu."

Kwana uku tana gina wani dainoson. Sau biyu wuyan yana karyewa. Na uku ya tsaya, Kaka ta gasa shi tare da tukwane.

Ranar Litinin ta durƙusa gaban Malama, ta gaishe ta. Ta ajiye dunƙulen, ta ajiye na yumɓun. Ta faɗi komai.

Malama ta daɗe tana kallon dunƙulen. "Shi na fara saya," ta ce a hankali. "Na ji zafi ƙwarai. Da kin tambaye ni, da na faɗa miki roba ce."

"Ki yafe mini, Malama."

Malama ta ɗauki na yumɓun, ta jujjuya shi. Sai ta yi murmushi, ta sa shi a tsakiyar sauran huɗun.

"Na yafe, don kin faɗi gaskiya. Ga su biyar sun cika. Wannan kaɗai ne ɗan Karare."

Daga ranar yarinyar ba ta ƙara ɗaukar kayan wani ba izini ba, ko da niyyar alheri ce. In ba ta san abu ba, sai ta tambaya. Matambayi ba ya ɓata.