Hannun Daman Awaisu

Tas! Marin ya sauka a kuncin Raudatu tun ba ta gama amsa sallama ba.

"Muguwa! Azzaluma!" Hajiya Kulu ce, uwar mijinta, isowarta ke nan daga Funtuwa ko mayafi ba ta cire ba. "Kin harɗe ƙafa kina kallo, yaron nan yana kokawa da tuwo kamar ɗan yaye?"

Mijin nata, Awaisu, na kan tabarma, miyar kuka ta ɓata masa gaban riga, cokalin da aka naɗe wa mariƙi da tsumma ya suɓuce daga hannunsa na dama. Wata biyar ke nan da ɓarayin daji suka rutsa shi a gonar masararsa bayan Maska, suka sare shi da adda a dantse. Allah ya yi da sauran kwana, amma yatsun suka ƙandare.

"Hajiya, wallahi Sista Mansura ce ta ce..."

"Rufe min baki!"

Ita Mansura mataimakiya ce a sashen asibiti da ke koya wa masu rauni komawa ayyukansu na yau da kullum. Likita ne ya duba hannun ya tsara abin da za a yi, ita kuma take hawo mashin duk Laraba ta koyar: ɓarar gyaɗa, sa maɓallin riga, ɗaure tazuge, riƙe buta. Tun zuwan farko ta ja Raudatu gefe ta ce, "Nawa aikin awa ɗaya ne a sati, sauran naki ne. In kika ba shi a baki kin kashe hannun nan. Don Allah, ko roƙonki yake yi, ki daure."

Ta kuwa daure, Allah kaɗai ya san kukan da ta sha a bayan ɗaki. Shi kansa Awaisun ya taɓa jifanta da kwano don haushi har goshinta ya fashe, ta goge jinin ta sake miƙa masa cokali.

Amma ina Hajiya za ta tsaya jin wannan? Muciya ta wawura ta shiga jibgar yarinyar, baya, kafaɗa, kai, har ɗankwali ya jiƙe da jini.

"Hajiya, don Allah! Za ki kashe ta!" Awaisu ya faɗa tsakaninsu, muciyar ta same shi a haƙarƙari.

"Au, kare ta kake yi? To yau sai ka sake ta, ko in ɗaga maka nono!" Ta fizgo littafin da Mansura ke rubuta atisaye a ciki, ta yago takarda. "Na san hannun ya mutu. Ka furta kawai, in kira Malam ya rubuta."

Awaisu ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa.

"Ba ni biro, Hajiya."

Ya ɗauka, biron ya faɗi. Ya sake ɗauka, gumi na ɗiga. Raudatu tana durƙushe, ta san takardar me ce. Duk da haka bakinta bai iya shiru ba.

"Yaya... danna da babban yatsa, yadda Sista ta nuna. Yawwa. A hankali."

Biron ya zauna. Harafi ya fito, wani ya biyo, a karkace amma ana karantawa. Hajiya ba takardar take kallo ba, yatsun take kallo, bakinta a buɗe.

Awaisu ya karanta da ƙarfi: "Ni Awaisu ban saki Raudatu ba." Sannan ya durƙusa. "Ki gafarce ni, Hajiya. Takardar sakinta take zaton ina rubutawa, amma kin ji tana gyara min riƙo. Wannan zan saka?"

Muciya ta faɗi ƙasa. Hajiya ta zube ta kamo hannun ɗanta tana juyawa, sai kuka. Da kanta ta ɗebo ruwan ɗumi ta shiga wanke kan surukarta.

"Ki yafe min, 'yar nan. Ni na ɗauka so shi ne a ba shi a baki."

Haka ne kuwa, 'yan'uwa. Ba duk mai yi maka abu ne masoyinka ba. Wani masoyin shi ne wanda zai jure zaginka da na danginka har ka iya yi da kanka. Da kaka ta yi, Awaisu da hannunsa ya karya masararsa.