Sittin da Ɗaya

Ran da na fara ganin Injiniya, ƙafafunsa kawai na gani. Yana kwance ƙarƙashin teburina a shagon Kawu, inda nake buga wa mutane takardu, yana laluben wata waya. Daga can ƙasa ya ce, "Malama, wannan kwamfutar ta girme ki." Na ce, "To ka gaishe ta da ladabi." Ya yi dariya har kansa ya bugi katako. Tun daga ranar ya riƙa zuwa gyaran abin da bai lalace ba. Sau biyu ya tambaye ni ko ya turo manyansa. Sau biyun na sunkuyar da kai, na ci gaba da aikina.

A gwanjo Kawu ya sayo kwamfutar, daga wani ofis da ya daɗe a rufe. Ta ƙi sabunta kanta. Wata safiyar sai in tarar da ita a kunne, kujerata da ɗumi kamar yanzu wani ya tashi. Injiniya ya ce babbar manhajar da ke tuƙa ta ce ta tsufa, zai sauko da sabuwa ya ɗora da hannu. Ya rubuta min matakan a takarda don in koya. A ƙasa ya ja layi biyu: in an fara, kome ya faru, kada a zare waya sai ta kai ɗari.

Ran da ya fara ɗorawa, shi da kansa ya zare. Aka tsince shi a ƙasan shago, wayar a hannunsa. Kwana tara yana kwance a ɗakin Inna, mahaifiyarsa, ido buɗe. Likita ya ce bai ga ciwo ba. Abu ɗaya kawai leɓensa ke maimaitawa: sittin da ɗaya.

Kawu ya ce a kai kwamfutar bola. Na ce, "Kawu, aikin da aka bari a rabi ne ya riƙe shi."

"Ke da kika koyi karatu a jikin tsofaffin jaridu, ke za ki ƙarasa abin da ya ka da Injiniya?"

"Ni kuwa."

Bayan la'asar na rufe shago, na buɗe ƙaramar kwamfutar Injiniya da Inna ta ba ni. Na bi takardarsa layi-layi. Na sauke manhajar, na juye ta a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Kafin ta gama, almuru ta kawo jiki. Mai walda na kusa da mu ya kashe injinsa. Titi ya yi tsit.

Na soka filas ɗin a tsohuwar, na kunna.

Ta tambaye ni: a bar tsofaffin abubuwan da ke ciki, ko a goge komai? A takarda Injiniya ya rubuta a bari, saboda aikina. A raina na ce, wanda ya share ɗaki ya bar ƙarƙashin gado, bai kori kunama ba. Na danna a goge.

Lamba ta fara hawa: goma. Ashirin da biyar. Fankar cikinta ta fara nishi.

Wani wari ya taso, na tsohuwar takarda da ruwa ya jiƙa.

Arba'in. Fuskar kwamfutar ta yi farfar. Na leƙa ƙasa, na ga kan wayar yana fita daga soket a hankali, ba hannun kowa a kai.

Na rarrafa ƙarƙashin tebur, na danne shi da tafin hannu. Daga nan ina hango lambar a juye, a gilashin ƙofa.

Sittin da ɗaya. Ta tsaya.

Kujerata ta yi ƙara.

Ƙafafu biyu suka sauko gaban fuskata. Takalman ofis ne, baƙaƙe, ƙura ta rufe su. Ba su taɓa ƙasa ba.

A samana aka fara danna madannai. Ɗaya. Ɗaya. Ɗaya.

"Malama." Muryar Injiniya ce, ƙasa-ƙasa. "Saki. Zafi nake ji."

Na ce, "Injiniya yana ɗakin Inna."

Da aka sake magana, murya ce busasshiya, kamar ana yaga takarda.

"Na riga ki zama a nan."

"Ka daɗe. Tashi."

"Duk abin da Injiniya ya sani game da ke yana hannuna. In na tafi, da shi zan tafi."

Soket ɗin ya ɗau zafi. Na ji ƙaurin roba, daga baya na ji na fatata. Hawaye ya cika min ido. Na fara Ayatul Kursiyyu.

Takalman suka juyo gare ni.

"Zai dube ki kamar baƙuwa."

Na ce, "Ya tashi tukuna. Sauran aikina ne, ba naka ba."

Na ƙara dannawa da hannu biyu.

Sittin da biyu.

Tebur ya girgiza. Takardu suka zubo.

Tamanin.

Wani sanyi ya kama wuyana ta baya, ya matse. Numfashina ya tsaya. Ban saki ba.

Ɗari.

Kujerar ta faɗi. Babu kowa a kai.

Har yau yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa sosai, bugun takarda ya rage min sauri. Kwamfutar kuwa tana kwana a kashe, ta tashi a kashe.

Washegarin daren nan na je gidan Inna. Na tarar da Injiniya zaune a bakin gado yana shan shayi. Ya san Inna, ya san sana'arsa, har ya tambayi jakar kayan aikinsa. Ya dube ni da ladabi, ya dubi hannuna da ke naɗe.

"Inna, baƙuwa muka yi?"

Inna ta kau da kai. Na ja kujera na zauna kusa da shi. Na ce masa:

"Ba ka san ni ba, ba komai. Gobe zan zo, jibi ma zan zo, har ka gaji da ganina. Akwai tambayar da za ka yi min wata rana. Inna, ki zama shaida, ran da ya yi ta, na amince."