Fitilar Ɗaki na Tara

Da ƙarfe huɗu na yamma na'urar Rarrashi ta fara aiki. A ɗakuna arba'in na sashen dashen ɓargo, siririn kambun da ke goshin kowane majinyaci ya yi ɗumi, muryar Malam Yusha'u ta sauko daga rufi a hankali: "Ja numfashi. Kawo wanda kake so a zuciyarka, ka yi masa fatan lafiya."

Injiniya Ramlatu tana zaune gaban allon sa ido, a hawa na talatin na asibitin Sabuwar Tiga, tana kallon fitilun ɗakunan suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya, alamar natsuwa. Ita ta ƙera na'urar, kuma ba ta ɓoye cewa tana alfahari da ita.

Wanda za a yi wa dashe sai an kashe ɓargonsa da magani tukuna, sannan a zuba masa ƙwayoyin tushe na ɓargon wani. Daga nan zai yi mako uku a ɗakin gilashi, jikinsa ba garkuwa ko kaɗan, mura kaɗai ta isa ta kai shi kabari. Shekara goma sha tara Malam Yusha'u yana jan kujera zuwa bakin gilashin yana yi wa marasa lafiya zaman tausayi: su yi wa masoyinsu fatan alheri, su yi wa kansu, su yi wa maƙwabtan ɗaki, a ƙarshe su yafe wa wanda ya ɓata musu. Amma Malam mutum ɗaya ne, ga ciwon gwiwa. Ramlatu ta naɗi muryarsa, ta haɗa da kambu mai auna bugun zuciya da numfashi, na'urar ta riƙa ba natsuwar kowa maki bisa ɗari. Cikin wata huɗu aka gode wa Malam, irin godiyar da ake yi wa wanda ake so ya tafi.

Ranar ya zo ɗaukar buzunsa da butarsa ne. Ya tsaya bayanta yana ƙyafta ido.

"'Yata, wane ne a ɗaki na tara?"

"Tanimu, Malam. Mai walda ne a layin dogo na sama. Kwanansa goma sha ɗaya da dashe. Casa'in da takwas! Ba mu taɓa samun irin wannan makin ba."

"Kwana goma sha ɗaya?" Malam ya ajiye butar. "A kwana na goma sha ɗaya baki cike yake da miki, mutum ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Wa ke natsuwa a nan? Me na'urar take karanta masa?"

"Zaman gaba ɗaya, kamar yadda ka naɗa."

"Har da yafiya?"

"Har da ita. Kullum."

Sai da ya dafa tebur kafin ya yi magana. "Kin ce in naɗa duka, na naɗa. Ba ki tambaye ni yaushe nake yin kowanne ba, ni ma ban yi wayon faɗa ba. Ba na kawo zancen yafiya sai likita ya ce ɓargo ya kama, na ga mutum yana tambayar tuwo. Ke 'yar garin nan ce. In malami ya zo bakin gadonki yana cewa ki yafe wa kowa, me kika fahimta?"

Nan take ta gane. Ta tuna ranar da aka tara su a ɗakin kakarta ana yafiya, dab da rasuwarta. Ta buɗe bayanan ɗaki na tara: kiran waya ashirin da shida cikin kwana uku, har da wani da aka rubuta wa "tsohon maigida". A allon, Tanimu ya riga ya cire kambun ya ninke bargo tsaf. Yana sa hula.

Tsakanin ɗakin da barandar da mutane ke wucewa ƙofa biyu ce, kuma doka ta hana a kulle majinyaci daga waje. Ramlatu ta danna kiran ma'aikatan jinya ta fita da gudu, Malam na ɗingishi a bayanta. Sun tarar da shi ya buɗe ta ciki, yana tsaye a lungun tace iska, tafin hannunsa kan maɓallin ta biyu.

"Malam Tanimu, don Allah kada ka danna," in ji ta. "Gwajin safiyar nan ya nuna ƙwayoyin sun fara kamawa."

Ya yi mata murmushi ta bayan gilashi, leɓɓansa duk sun farfashe. "Na gode, Hajiya. Aikinku ne ku faɗi haka. Ni dai a gaban tsohuwata nake so mutuwa ta same ni, ba a cikin kwalba ba."

Malam ya iso yana haki. Ya jawo kujerar mai gadi ya zauna, ya dafa gilashin.

"Malam, kai ne da kanka? Ai na ji saƙonka. Na yafe wa kowa, kowa ya yafe mini."

"Muryata ka ji, Tanimu, ba ni ba. Da ni ne, da tuni na yi maka faɗa kan wannan hular da ka karkata."

"Kada ka rarrashe ni, Malam."

"Wallahi ban san ranar mutuwarka ba, kuma ba wanda ya aiko ni in shirya ka. Wa ya ba ka ɓargon?"

"Ƙanena, Nafi'u."

"To kawo shi zuciyarka. Kwana nawa yana shan allura dominka? Ja numfashi. Ka yi masa fatan kada wahalarsa ta tashi a banza."

Tanimu ya ja numfashi. Sannan hannun ya zame daga maɓallin, Tanimu ya durƙushe yana kuka kamar yaro. Da ma'aikaciyar jinya ta mai da shi gado ta ɗaura masa kambun, makinsa ya faɗo goma sha huɗu, fitilarsa ta koma ja. A ƙarƙashin matashinsa ta tsinci maganin kwana biyu da bai sha ba.

Ramlatu ta kashe Rarrashi daga wayarta, kunya da tsoro sun cika ta. Na'urar tana aiki a birane shida. Ta ɗaga kai ta dubi barandar: ƙofofi talatin da tara, kowacce har yanzu da koriyar fitila a samanta.

"Malam, da wa za mu fara?"

Ya miƙe yana dafe da gwiwa, ya ɗauki kujerar.

"Karanto mini mai maki mafi yawa."