Matar da Ta Sare Rassa Uku

A can wani zamani, an yi wata mata mai magani a bakin wani kurmi. Da ɓawon maɗaci take warkar da zazzaɓin yara. To, maɗacin garin ya tsufa, ƙananan da suka tsiro a kurmin kuwa shekara bakwai ba su wuce gwiwa ba, don inuwar gamji ta rufe su.

Ta je wurin mai gari ta ce, "Ranka ya daɗe, rana suke nema. A rage rassan gamjin nan."

Ya ce, "Ba a sara a kurmi."

Ta je wurin dattawa, suka ce, "Ba a sara a kurmi."

Ranta ya ɓaci. Da hantsi ta kafa tsani, ta sare rassa uku, haske ya sauko.

Mai gari ya daka mata tsawa, "Sai kin bar garin nan!"

Ta ce, "Ba inda za ni sai bayan damina. Ka zo ka gani da idonka."

Bayan damina ya zo. Ƙananan maɗatan da rana ta taɓa sun kai ƙirjinsa, sauran suna nan jiya i yau.

Sai ya riƙe mata tsanin ya ce, "Hau, Iya."