Siginar Hagu

"Sauko! Sauko don ubanka!"

Direban tirelar, wani dattijo mai suna Umara, ya diro hannuwansa a sama. La'asar ce, a hanyar Kirikasamma zuwa Haɗeja, inda ruwan fadama ya cika dama da hagu har yana lasar kwalta. Ba mota, ba mashin.

"Don Allah ɗana, shinkafar nan ba tawa ba ce—"

"Mun sani, Baba. Tamu ce."

Mai maganar Mala ne, ogan 'yan fashin. Gajere, fes da shi, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Suka ɗaure Umara tamau, suka wurga shi cikin ciyawar kacalla.

Su uku ne. Mala, sai Haladu direba, sai Muttaka mai rewaya, wato gyaran wutar mota. Ba sa tafiya da kan motar da suka tare, don masu kaya sun waye, suna ɓoye na'urar da ke nuna inda mota take. Tirelar kawai suke cirewa su maƙala wa nasu kan. Haladu ya zare na Umara, ya yo baya da nasu — garam! Ta kama. Ya jona tiyon iska.

"Muttaka, wuta!"

Muttaka ya haye bayan kan motar. Fulogin tirelar bai shiga soket ɗinsu ba. Dama ya san ba zai shiga ba, don haka aka zo da shi. Ya sa fulaya ya datse tsohon, ya fere wayoyin, ya ciro sabo daga jakarsa.

Zuciyarsa tana tafasa.

Bara, a wani aiki irin wannan, harsashi ya samu ƙaninsa Modu a cinya. Mala ya dawo ya ce 'yan sanda ne suka ƙarasa shi. Da masunta suka tsamo gawar, Muttaka da kansa ya yi mata wanka. Ya ga rami a ƙeya, gashin wurin a ƙone. Wanda ya harbi Modu a jikinsa yake tsaye, kuma mutum ɗaya ne ya tsaya da shi a ranar: Mala. Shegen har gaisuwar mutuwa ya zo, ya zauna a tabarma ya ci tuwo, ya ƙara miya! Tun ranar Muttaka ya tsane shi, tsana mai hana barci.

Duk wanda ya saba bin bayan tirela ya san yaren direbobi. In direba ya kunna maka siginar dama, cewa yake hanya fes, wuce. In ya kunna ta hagu, kul, akwai mota tafe. Shi kuwa Mala kullum a bayan kaya yake da ƙaramar motarsa, kuma da siginar Haladu yake wucewa ko bai leƙa ba.

Waya mai ruwan ɗorawa ita ce ta hagu. Koriya ta dama. Muttaka ya sa kowacce a gidan 'yar'uwarta, ya ɗaure da sukundireba.

"Taka birki!" in ji Mala daga baya. Jar wuta ta kawo. "Sigina duka biyu!" Suka ƙifta tare.

"Ya yi. Mu fece!"

Muttaka ya nufi kan motar zai hau gefen Haladu.

"Kai, ina za ka? Shigo nan. Kwanan nan ba na gane maka, gara ina ganinka."

Muttaka ya tsaya cak. Ya dubi ƙaramar motar. Ya buɗe gaba ya zauna.

Can cikin kacalla, wani masunci a kwalekwale ya ji nishi. Ya tarar da Umara rabin jikinsa a ruwa, ya yanke igiyar.

"Waya! Ba ni wayarka, bawan Allah!"

Sufeto Nu'uman yana shingen bincike ba nisa lokacin da kiran ya shigo. Ya watsar da shayin hannunsa.

"Kofur, tayar da mota! Tirela da kaya ba ta gudu, za mu cim musu!"

Jiniya ta fara tashi daga nesa. Mala ya kalli madubi, ya yi ashar.

"Wa ya kira su? Kai ne?"

"Oga, ina gabanka tun ɗazu."

"Kayan ya tafi! Kowa ya yi ta kansa!"

Ya matso gindin tirelar, ya danna hon. Hanya siririya, ga kwana, tirelar ta tare komai. A gaba, Haladu ya hango tifa cike da yashi ta taho a guje. Ya buga siginar hagu da ƙarfi. Kul, Oga! Kul!

A bayan tirelar, wutar dama ta fara ƙiftawa.

"Yawwa Haladu, ɗan albarka!"

Muttaka yana da damar magana. Kalma ɗaya ta isa. Ya juyo ya kalli Mala ido cikin ido.

"Modu yana gaishe ka."

"Me ka—"

Mala ya riga ya karya sitiyari. Tifa! Hon! Birki! Ƙarar ta tayar da tsuntsayen fadamar gaba ɗaya. Tifar ta murƙushe motar, ta ƙwace, ta kife cikin ruwa.

An kama Haladu a wurin, yana ta rantsuwa hagu ya kunna.

Muttaka ya farfaɗo a gadon asibiti, ankwa a hannu. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu komai a ƙarƙashin zanen. Sufeto Nu'uman yana tsaye a kansa, sabon fulogin a hannunsa.

"Na sa an buɗe wannan. Aikinka ne?"

"Mala fa, Yallaɓai?"

"Ko shurawa bai yi ba."

Muttaka ya lumshe ido, ya yi murmushi. Daɗi ya ji, ba zan ɓoye muku ba, daɗi har cikin ƙashinsa.

"Akwai mai son ganinka," in ji Sufeto.

Wata mata ta shigo da tsohon ciki, idanunta a bushe.

"Sunana Bashira. Mijina ne direban tifar da ya rasu. Yashi ya ɗebo, zai sauke ya dawo gida." Ta matso har bakin gadon. "An ce kana da wanda kake rama wa. To shi me ya yi maka?"

Muttaka ya kau da kansa gefe.

"Ban yafe ba. Kuma ba zan roƙa maka mutuwa ba. Allah ya ba ka tsawon rai a haka."

Ta juya ta fita. Sufeto ya ajiye fulogin a kan ƙirjinsa, ya bi bayanta.