Allo Na Biyu

Dab da magariba Injiniya, mai gyaran kayan sauti, ya gama haɗa allo na biyu a shagonsa. Wani mai ba da hayar kayan sauti ne ya kawo masa tsohuwar lasifika, ya ce a sake mata kurosoba, wato allon da ke raba sauti: mai kauri ya tafi babbar sifika, siriri ya tafi ƙarama. Injiniya ya haɗa iri biyu don ya gwada. Na farko naɗin waya ɗaya ne da kafasita ɗaya, ɗan abin da ke riƙe wutar lantarki, sautukan na ɗan shiga juna. Na biyu kuwa yankansa da kaifi, kowane sauti da iyakarsa.

Maƙwabcinsa tela ya leƙo ya ce su tafi salla. Injiniya ya ce masa ya yi gaba, ga shi nan tafe.

Ya jona na farko. Kiɗa ya fito lafiya, sai ɗan dishi-dishi. Ya jona na biyu. Ganga ta yi nauyi, ƙarafa suka fito tas, amma tsakiya, inda muryar mutum take fitowa, ta zama rami, ba komai.

A cikin ramin nan ya ji numfashi.

Ya kashe kiɗan. Numfashin bai tsaya ba. Ƙaurin dalma ya ɓace, shagon ya ɗauki warin tsohuwar rijiya.

Ya mayar da na farko. Shiru. Da ya haƙura a nan, da shi ke nan. Amma mai sana'a ne, sai ya tabbatar. Ya sake jona na biyu, ya zare filogi daga bango.

Fuskar babbar sifikar ta ci gaba da motsi. Ciki, waje.

"Ka buɗe mana," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Kada ka rufe."

Ya fizgi wayar allon. Ta manne masa a tafi, sanyi ƙalau. Da rarrafe ya kai bakin ƙofa, nan tela ya tsince shi.

An ƙona allon. An yi addu'o'i, likita ya duba Injiniya ya ce kunnuwansa lafiyarsu lau. Yana jin rugugin babbar mota, yana jin kukan sauro. Muryar mutane ce kawai ba ta iso masa. Matarsa ta gaji da ɗaga murya, ta koma nuni da hannu.

Ranar da 'yarsu ta fara magana, uwar ta ɗauko ta da murna ta ɗora masa a cinya. Ya tsura wa ɗan bakin ido, ya ga alamar "Baba" take cewa. Abin da ya shiga kunnensa muryar nan ta cikin sifika ce, a natse, tana tambayarsa sunan yarinyar.