Ruwan da Muka Kwashe wa Shukri

Ruwa kawai muka tsaya ɗiba. Rana ta kusa faɗuwa, muna kan hanyar da ta ratsa duwatsun Rodopi zuwa tafkin Dospat, inda Nedyalko da matarsa Gergina suke jiranmu da tukunyar wake a kan wuta. Shekara shida ke nan muna wannan yawo tare, su da motarsu, mu da tamu, tun da mijina Zahari ya ajiye tuƙin bas a Plovdiv ya sayo mota mai ɗaki a ciki. Akwai gado, akwai murhu, akwai ɗan banɗaki, ga tankin ruwa a ƙarƙashin kujera. Kunkuru muke ce mata, don da gidanta take tafiya, kuma ba ta san sauri ba.

Wanda duk ya taɓa zama a irin motar nan ya san ciwonmu ɗaya ne, ruwa. Mutum yana cikin kallon tsauni, da ya hango famfo shi ke nan, an rasa shi. Zahari ya fi kowa wannan cuta.

Gergina ta kira ni a waya muna cikin tsayawa.

"Zlatka, kuna ina ne wai? Waken nan ya gaji da jiranku, Nedyalko har ya buɗe kwalba."

"Ki riƙe masa hannu," na ce. "Tsohon nan ne ya ga ceshma."

Ta yi dariya. "To, sai gobe ke nan."

A duwatsun nan ba ka yin tafiyar kirki ba ka ga ceshma ba. In mutum ya rasu, danginsa su nemi idon ruwa a bakin hanya, su gina famfon dutse, su sassaƙa sunansa a jiki. Mai wucewa ya sha, ya karanta sunan, ya ce Allah ya gafarta masa. Iyakar abin da ake so a wurinka ke nan. Kakata takan ce da wannan mamaci yake jiƙa maƙogwaronsa a can.

Wannan ƙarama ce, a wani lungu da hanya ta ɗan buɗe. Dutse a hagu, kwazazzabo a dama, Kunkuru ta shiga da ƙyar. Ruwan yana zuba siriri daga bututu, ga kofin ƙarfe a rataye da sarƙa. Wurin yana ƙamshin ƙaro da jiƙaƙƙen ganye.

Zahari ya dubi ruwan ya yi tsaki. "Wannan ai sai mu kwana tankin bai yi rabi ba."

Ya zaga baya, ya ɗaga faffaɗan dutsen da ya rufe inda ruwan yake taruwa, ya zura tiyo, ya kunna ɗan injin jan ruwansa da yake ji da shi kamar ɗan fari.

"Zahari, ba a yin haka."

"Wa ya ce? Ruwa ne, ba na uban kowa ba."

"Na wani ne mana. Ba ga suna can ba?"

Sai dai sunan ban gan shi ba. Ya riga ya wanke dardumar ƙofar mota ya shanya ta a kai. Na so in yi magana, na ce bari in bar shi, tun da safe muke faɗa a kan taswira. Na koma ciki ina yanka cuku. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba, ni ma ban sha ba, ban karanta ba.

Injin ya yi ta zuƙa har ya fara jan iska. Ruwan bututun ya koma ɗigo. Ɗigo ɗaya, can wani. Sai ya tsaya.

Ban san ƙarar ruwan nan ce ta cika wurin ba sai da ta ɗauke. Ba tsuntsu, ba iska. Zahari ya naɗe tiyonsa da sauri, ya manta da dardumar, ya shigo ya ja ƙofa.

Mota ta tashi lafiya lau. Ya sa giya, ya taka. Kunkuru ta yi gurnani, ta girgiza, ba ta motsa ba. Ya sake takawa har warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin.

"Ka saki birkin hannu kuwa, direban shekara talatin?"

Zahari da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, sai kawai ya tashi zai duba taya, ya murɗa ƙofa, ta ƙi. Ya gwada ta direba, ya gwada tawa. Ya sa kafaɗa. Tagogi ma kamar an like su. Na ɗauko waya, ba sabis, wayar da yanzun nan na gama magana da ita.

"Ba ni ruwa," ya ce.

Na murɗa famfon wanke-wanke. Injin famfon ya yi ƙara, ko ɗigo bai fito ba, alhali tanki cike yake taf. Na miƙa masa gorar da muka sayo a gari. Ya kafa kai ya shanye ta tas, ya dube ni.

"Zlatka, ban ji komai ba. Kamar iska na haɗiya."

Na ba shi ta biyu. Haka. Ina kallo leɓensa ya fara tsagewa. Ina kallo, wallahi, ba labari aka ba ni ba. Idanunsa suka faɗa, fatar wuyansa ta saki. Cikin ɗan lokacin da bai isa a dafa shayi ba, mijina ya koma kamar wanda ya kwana uku a daji ba ruwa. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na gane mutumin nan mutuwa yake yi a gabana.

Sai sarƙa ta yi ƙara a waje.

Na leƙa. Da sauran haske kaɗan. Wani mutum ne tsaye a bakin ceshmar, sanye da rigar masu yankan katako, ya ba ni baya. Ya tara kofin a ƙarƙashin bututun. Ya jira. Ya kai bakinsa. Ya sake tarawa.

Sau uku ya yi haka.

Wani wari ya shigo ɗakin, na busasshiyar ƙasa da garin katako. Harshena ya manne a ganɗa.

Ya saki kofin. Ya juyo.

Ban ga fuskarsa da kyau ba, kuma ban so in gani ba. Ya tako a hankali zuwa gefen motar, daidai inda tankin yake, ya jingina kumatunsa da ƙarfen. Ruwan da ke ciki ya fara motsi shi kaɗai. Na ji shi yana tafiya gefe guda, wajensa, har motar ta karkata.

Daga nan na ji wata ƙara, kamar ana goga samfefa a jikin ƙarfe. Lasa yake yi.

Na ɗage kujera, na buɗe murfin tankin, na zura hannu na cire toshiyar ƙasa. Ruwa ya fara kwarara ƙarƙashin mota. Na ce a raina, ga kayanka, ka bar mini mijina.

Ya durƙusa, ya tara hannu biyu. Ruwan yana bi ta tsakanin yatsunsa yana wucewa, hannun a bushe. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago, ya matso da bakinsa jikin taga.

"Ba na iya sha."

Muryar ba ta da laima ko kaɗan.

"Sai an kira ni," ya ce.

"Yaya sunanka?" Da ƙyar na fitar da ita.

Na ji numfashin Zahari a bayana yana fita da ƙaramin fito.

"Yana jikin dutse," ya ce. "An rufe."

Dardumar.

Na mayar da toshiyar tun ruwan bai ƙare ba, na cika gora ta bakin tankin, na cusa ta a rigata. Na duba ko'ina. Abu ɗaya ne ban gwada ba, 'yar tagar rufi da muke buɗewa in muna soya abu. Na hau tebur, na tura. Ta buɗe.

Shekarata sittin da uku, kuma ni ba siririya ba ce. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce da ƙyar. A ƙugu na maƙale.

Ba gaba, ba baya. Ƙarfen ya shiga namana. Rabina a waje cikin sanyi, rabina a ciki yana lilo. Na ji takunsa yana zaga motar.

Sai na ji kafaɗa a ƙarƙashin ƙafafuna. Zahari ne. Ban san da wane ƙarfi ya miƙe ba. Ya tura sau ɗaya, fatata ta saɓule, na faɗo a kan rufin. Na ji shi ya zube a ciki.

Na sauko ta tsanin baya.

Taku goma sha ɗaya ne zuwa ceshmar. Yana bayana. Numfashinsa yana taɓa ƙeyata, zafi, busasshe.

Na fizge dardumar. Haske ya ƙare, tabarau kuma yana cikin mota.

Na sa yatsu. Shekara arba'in ina ɗinki, yatsuna sun fi idona gani. Na bi harafi ɗaya ɗaya a jikin dutsen.

Na zuba ruwan gorar a kofin ƙarfe. Sarƙa tana ƙara. Na sha.

"Shukri Halilov," na ce. "Allah ya gafarta maka."

A bayana, kusa da kunnena, wani ya haɗiya. Sau ɗaya, mai ƙarfi, irin na wanda ya daɗe yana jira.

Bututun ya yi tari. Ɗigo ya faɗo.

Ban waiwaya ba. Na ruga, na ja ƙofa, ta buɗe kamar ba ita ba. Na ɗago kan Zahari, na ɗura masa sauran ruwan.

"Faɗi, Zahari. Shukri Halilov. Faɗi!"

Leɓensa ya motsa. Harshen ya kumbura, murya ba ta fito ba. Na girgiza shi, na zage shi, na roƙe shi. Bai iya faɗa ba.

Ni da ban taɓa wuce gyara wa Kunkuru tsayuwa ba, ni na tuƙa ta har Dospat a giya ta biyu, ina kuka ina danna oda. Nedyalko ya fito da cokali a hannu zai yi mana tsiya, ya leƙa ciki, ya ajiye cokalin. Shi ya kai mu asibiti. Likitan ya tambaye ni kwana nawa mijina ya yi a ɓace a tsauni. Na ce masa ko awa ɗaya ba mu yi a wurin ba. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali.

Zahari ya rayu, na gode wa Allah. Bayan mako biyu muka koma da rana tsaka. Ruwan yana zuba siriri kamar da. A ƙasan sunan an rubuta cewa mahaifiyarsa ce ta gina, kuma shekararsa talatin da ɗaya. Zahari ya durƙusa ya sha, ya kira sunan ya fi sau goma, yana hawaye. Bai ji komai ba.

Shekara huɗu ke nan ƙishirwa ba ta sake shi ba. Yana sha, yana ci, yana tafiya, likitoci sun duba sun ce lafiyarsa ƙalau. Amma ruwa ba ya isa inda yake so ya isa. Kunkuru tana tsakar gida, tayoyinta sun sace. Su Gergina sun daina tambaya ko za mu fito bana.

Ba mu da ɗa, ba mu da 'ya. Wannan ne ya hana shi sukuni. Ya ce idan a nan ma haka ne, to can fa, wa zai gina masa? Bara ya nemi idon ruwa a saman ƙauyensu, ya gina tasa da hannunsa, dutse bayan dutse. Ya sa aka sassaƙa sunansa da shekarar haihuwa, aka bar gefen shekarar mutuwa fili. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe, bai saurare ni ba.

Kullum da safe mukan hau can. Ya tara kofi, ya miƙo mini da hannu biyu, leɓensa a tsage.

"Ki faɗa mini, Zlatka. Sau ɗaya kawai, in ji ko zan sami sanyi."

"Ba a yi wa mai rai, tsoho," nakan ce. "Ka daina."

Sai in sha, in yi shiru, shi kuma yana tsaye yana kallon bakina. Yana tsammanin taurin kai ne, kuma na bar shi a haka. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Tun ranar nan ban taɓa ganin ya yi gumi ba, hannunsa kuma in ya wanke a bushe yake fitowa. Ina tsoron in kira sunansa, in ce Allah ya gafarta masa, in ji ya haɗiya.